Uwa a Finafinan Bauta: Me Ya Sa Labarin Yake Komawa Kanta?

Wata ɗaliba ta aiko da wannan tambaya: "Malam, na kalli fim ɗin Beloved, daren nan ban runtsa ba. Ta yaya uwa za ta yanka 'yarta da hannunta, sannan fim ya nemi in tausaya mata? Na kuma lura kusan duk fim ɗin bauta da na gani sai an raba uwa da ɗanta. Haka abin ya faru da gaske, ko dabarar masu fim ce don su sa mu kuka?"

Malama, rashin barcin nan naki na san shi. Na daɗe ina koyar da nazarin fim, kuma duk shekarar da na haska wa ɗalibai wannan fim, idan aka kunna fitila sai ɗakin ya yi tsit, kowa yana kallon ƙasa. Akwai wata shekara da wata ɗaliba mai goyo ta tashi ana tsakiyar kallo, ta fita baranda, ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji, ba ta dawo ba sai da aka gama. Ban tambaye ta dalili ba, don na sani.

Amsar ɓangare na biyu na tambayarki ita ce mai sauƙi, bari in fara da ita. Ba masu fim ne suka ƙirƙiro ba. In ma akwai laifinsu, to na ragewa ne, ba na ƙarawa ba. Bautar Amurka a kan mahaifar mace aka gina ta, kuma a rubuce yake cikin doka. A 1662 majalisar Virginia ta zartar cewa duk ɗan da aka haifa zai bi matsayin uwarsa: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. Wannan ya saɓa wa dokar Ingila da su kansu Turawan suka taho da ita, wadda a cikinta ɗa uba yake bi. Ki duba abin da wannan ya haifar. Ubangida zai iya danne kuyangarsa, ta yi ciki, ta haihu, ɗan cikinsa ya shiga lissafin dukiyarsa tare da dawakai da alfadarai, in bashi ya taso ya sayar da shi. Uwa kuwa ta wayi gari ita ce ƙofar da ɗanta yake bi ya shiga bauta. Abin da ta gadar masa tun kafin ya sha iskar duniya ke nan.

Lissafi ma ya nuna haka. Cikin mutane kusan miliyan 12.5 da aka loda a jiragen ruwa daga Afirka, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su wuce 400,000 ba. Amma a ƙidayar 1860 bayin ƙasar sun kusa miliyan 4. Daga ina sauran suka fito? Daga cikkunan mata. Tun da aka haramta shigo da bayi daga waje a 1808, haihuwar kuyangi ta zama hanyar ƙara jari. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya rubuta a wata wasiƙa ta 1820 cewa baiwar da take haihuwa duk bayan shekara biyu ta fi masa riba a kan ƙato mafi ƙarfi a gonarsa. Sannan da noman auduga ya bunƙasa a can ƙuryar kudu, an kwashi mutane kusan miliyan ɗaya daga jihohi irin su Virginia da Maryland aka gangara da su. A wannan fataucin na cikin gida ne aka raba hanta da jini ba adadi. Har a cikin hirarraki sama da 2,000 da gwamnatin Amurka ta sa aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, akwai masu ba da labarin yadda ake tona rami a ƙasa, a kifa mace mai ciki, cikin ya shiga ramin, sannan a zane ta da bulala. Ana kare abin da ke cikin ne don dukiya ce, ita kuwa mai cikin a ba ta kashi.

To mai fim da yake son nuna mece ce bauta, in ya tsaya a sarƙa da bulala, bai kai ga ƙashin abin ba. Dole ya zo kan uwa.

Yanzu ga ɓangare mai nauyi. Sethe, uwar da ta yanka 'yarta a Beloved, ba daga iska aka samo ta ba. A watan Janairu na 1856 wata baiwa mai suna Margaret Garner ta tsere daga Kentucky tare da mijinta Robert da 'ya'yansu huɗu da surukanta. Sanyi ya sa kogin Ohio ya daskare, suka taka ƙanƙara suka haye zuwa Cincinnati, inda babu bauta. Sai dai dokar 1850 ta ba ubangida ikon bin bawansa har jihohin da aka hana bauta ya kamo shi. Aka kewaye gidan da suka ɓuya. Kafin a ɓalle ƙofa, Margaret ta ɗauki wuƙar fawa ta yanka 'yarta Mary mai shekara biyu, ta ji wa sauran rauni, niyyarta ta gama da su duka ta bi su. Abin da ya biyo baya a kotu shi ne ya fi komai tona asirin tsarin. Lauyanta so yake a tuhume ta da kisan kai, domin in an yi haka an yarda ke nan ita mutum ce, 'yarta ma mutum ce. Ɓangaren ubangida kuwa suka tsaya a kan cewa dukiya ce ta gudu, a mayar da ita. Su suka yi nasara. Aka mayar da ita bauta, aka tura ta kudu, ta rasu da zazzaɓin taifot a 1858. Marubuciya Toni Morrison ta ci karo da labarin a wata tsohuwar jarida lokacin tana aikin tace littattafai, ta riƙe shi a rai har ta fitar da littafinta Beloved a 1987. Jonathan Demme ya mayar da shi fim a 1998, Oprah Winfrey ta fito a Sethe, Danny Glover a Paul D, wanda suka yi bauta a gona ɗaya da ita.

Kin ce fim ɗin ya nemi ki tausaya mata. Ni a karatuna, abin da ya nema ya fi tausayi wuya. Bai wanke ta ba. Kisan rai kisan rai ne, addininmu bai bar ƙofa a nan ba, kuma fim ɗin kansa bai bar Sethe ta huta ba ko na kwana ɗaya: 'ya'yanta maza biyu sun gudu sun bar gidan, maƙwabta sun ƙaurace mata shekara 18, ita da 'yarta Denver suna zaune da fatalwa. Abin da fim ɗin ya nema shi ne ki tsaya ki tambayi kanki: wane irin wuri ne wannan da uwa mai hankali, mai son 'ya'yanta, za ta auna shi da kabari ta ga kabari ya fi sauƙi? Fahimtar dalili daban, halatta aiki daban.

In za ki sake kallo, ga inda nake so ki kasa kunne. Akwai wurin da Sethe take tsaye a madafa tana ba Paul D labarin ranar da ta gudu. Tana da tsohon ciki, ta riga ta tura 'ya'yanta uku gaba, cikinsu har da 'yar da ba a yaye ba, nononta ya cika yana jiran yarinyar. Samarin gidan ubangida suka danne ta a rumbun dabbobi suka tsotse nonon. Da ta kai ƙara wurin uwargida, aka zane ta har bayanta ya tsage, tabon ya zauna kamar bishiya mai rassa. Paul D yana jin labarin, abin da ya girgiza shi bulala ce, a daki mace mai ciki. Ita kuwa sai ta sake komawa kan nonon, tana nanatawa. Namiji ya ji duka, uwa ta ji an sace abincin 'yarta. Duk wadda ta taɓa shayarwa ta san yadda ƙirji yake ɗaurewa in lokacin ba da nono ya yi yaro ba ya kusa. A wurin Sethe, nonon nan shi ne abu ɗaya tak da take ganin nata ne da za ta iya bai wa 'yarta, shi ma aka nuna mata ba nata ba ne. Daga wannan rana zuwa ranar da ta yanka yarinyar da zarto kwana kaɗan ne: kwana 28 kacal ta yi cikin 'yanci kafin ta hango hular ubangida a bakin hanya.

Mu da muka tashi da sanin hukuncin shayarwa, wannan ya kamata ya fi taɓa mu. A wurinmu matar da ta shayar da kai ta zama uwarka, 'ya'yanta 'yan'uwanka ne, aure ya haramta. A gonakin kudancin Amurka kuyanga takan shayar da ɗan uwargida, wani lokaci nata ɗan yana kwance yana jiran ragowa, yaron ya girma ya gaje ta cikin kayan gado, in ya so ya sayar da wanda suka sha nono ɗaya.

Wani abin da mutane kan tsallake a fim ɗin shi ne Sethe ba ita kaɗai ce uwa a ciki ba. Akwai surukarta Baby Suggs, wadda Beah Richards ta fito a matsayinta. Ta haifi takwas, ɗaya kawai aka bar mata ya girma a gabanta, Halle, wanda ya yi shekaru yana aikin ranar Lahadi har ya fanshe ta. Dabarar Baby Suggs ta rayuwa ita ce kada ta bari zuciyarta ta kama yaro da ƙarfi, tunda ta san za a zo a ɗauke. Akwai kuma mahaifiyar Sethe, wadda Sethe ba ta san ta sosai ba sai daga nesa a gona, abin da ta iya bar mata kawai shi ne ta nuna mata tambarin wuta da aka yi mata a ƙarƙashin nono, don in ta mutu a gane gawarta. Aka kuwa rataye ta. Kin ga mata uku, hanya uku: wadda aka hana ta reno gaba ɗaya, wadda ta rage wa kanta so don ta rayu, da wadda ta ƙi ragewa har son ya zama wuƙa. Sethe ba ta taɓa ganin yadda ake zama uwa ba, da kanta ta koya, a wurin da babu mai gyara mata.

Hanyar Baby Suggs ba baƙuwa ba ce gare mu in muka tuna mace mai wabi. Wadda 'ya'ya suke mutu mata a jere takan sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe, kamar ba ta damu da shi ba, ko ta kira ta Barmani, tana roƙo a fili. Zuciya ce take kare kanta. Bambancin shi ne mai wabi da ƙaddarar Ubangiji take fama, tana da inda za ta kai kuka ta sami haƙuri. Baiwa kuwa mai ɗauke mata ɗa mutum ne kamarta, tana ganinsa kullum, ita take dafa masa abinci. A Roots, shirin talabijin na 1977, an taɓo wannan: Kunta Kinte ya raɗa wa 'yarsa suna Kizzy, wanda a labarin aka fassara da "zauna nan", don matarsa Bell an taɓa sayar mata da 'ya'ya. Sunan bai hana ba. Aka jefa Kizzy a keken doki tana ihu, iyayen suna tsaye.

Ban ce fim ɗin Demme ba shi da aibi ba. A littafi, mai karatu ba ya tabbatar ko budurwar da ta bayyana a gidan Sethe da suna Beloved fatalwar 'yar ce ko wata baiwar Allah ce da ta sha wuya ta ɓato hanya, har muryarta takan gauraya da ta waɗanda suka mutu a cikin jiragen bayi. Kyamara ba ta iya wannan shakku ba. Da Thandiwe Newton ta fito da ƙwari a jiki da murya a shaƙe, sai abin ya karkata zuwa fim ɗin ban tsoro, mai kallo ya shagala da dodo ya manta da uwa. Ga tsawo kusan awa uku, kuma bai yi kasuwa ba. Amma ƙarshensa ya yi daidai: Denver ce ta yi ƙarfin hali ta fita neman taimako, matan unguwa suka taru a ƙofar gida suna waƙa da addu'a har abin ya bar gidan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mikin da aka yi wa uwa ita kaɗai, ba ita kaɗai ta iya warkar da shi ba.

Ki sani kuma kafin a kai ga nuna wannan, sinimar Amurka ta yi shekaru tana shara ƙarya a kan uwa baƙar fata. Ƙaryar tana da suna, Mammy: ƙatuwar mace mai ɗankwali da fara'a, mai tsiwa kaɗan, wadda duk rayuwarta 'ya'yan uwargida ne. A Gone with the Wind na 1939 Hattie McDaniel ta yi wannan rawa da gwaninta har ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a 1940, a bikin da aka zaunar da ita a wani tebur can gefe, ba cikin abokan aikinta ba. Ki kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, kusan awa huɗu, ba za ki ji an ambaci ɗanta ko mijinta ko sunanta na yanka ba. Mace ce mai nono da bayan goyo, amma ba ta da ɗa. Wannan hoton ya yi wa masu kewar zamanin bauta daɗi ƙwarai, har a 1923 majalisar dattawan Amurka ta amince a kafa wa Mammy gunki a Washington; mata baƙar fata suka tashi tsaye suka yi ta suka, maganar ta mutu a majalisar wakilai. Saboda haka in kin ga finafinan baya-bayan nan suna nanata rabuwar uwa da ɗa, amsa suke bayarwa ga tambayar da aka binne: ina 'ya'yan Mammy?

Sai dai nuna rabuwar kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne shakkarki ta dabarar sa kuka take da gaskiya. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: bayan an ja yaro an tafi, ina kyamara ta nufa? In ta bi wani ta bar uwar a ƙasa, to an yi amfani da kukanta ne kamar kiɗa.

Ɗauki 12 Years a Slave na Steve McQueen, 2013, wanda aka ɗauko daga littafin 1853 na Solomon Northup, ɗa da aka sace aka sayar da shi bawa. A gidan dillalin bayi a New Orleans, Eliza, wadda Adepero Oduye ta fito a matsayinta, tana riƙe da 'ya'yanta biyu. Aka sayar da namijin, Randall, ga wani. Mai sayenta ya nemi a haɗa masa da 'yar, Emily, dillali ya ƙi, don yarinyar fara ce kyakkyawa, ya san irin kuɗin da za ta kawo in ta girma da irin kasuwar da za a kai ta. Ana jan Eliza tana kururuwa, ana goga goge don kada kukan ya ɓata wa masu ciniki rai. Da suka isa gona, uwargida ta dube ta da tausayi, ta ce a ba ta abinci ta huta, ba da jimawa ba za ta manta da yaran. Wannan magana ta fi bulala ciwo, don da kyakkyawar niyya aka faɗe ta: matar ta yarda har zuciyarta cewa uwa baƙa kamar akuya ce, ta yi kuka kwana biyu ta koma kiwo. McQueen ya yi abin kirki da ya bar kukan Eliza ya ci gaba kwana da kwanaki, har yana ratsa wa'azin da ubangida yake yi musu ran Lahadi, har Solomon kansa ya gaji ya daka mata tsawa, ita kuma ta tambaye shi ko shi ya daina kukan nasa 'ya'yan. Amma daga nan aka ja ta aka fitar, fim ya ci gaba da labarin namiji. A littafin, Northup ya faɗi ƙarshenta: ta rame ta lalace, ta kasa aiki, ta mutu ba ta sake ganinsu ba. Fim ɗin bai bi ta can ba. Amistad na Steven Spielberg, 1997, ya fi haka gaggawa: mace rungume da jariri ta sulale daga gefen jirgi ta faɗa teku, cikin daƙiƙoƙi, ba suna ba labari, sauran fim ɗin kuma lauyoyi ne a kotu.

Wanda a ganina ya ci wannan jarrabawa shi ne Barry Jenkins a The Underground Railroad, shiri mai kashi goma na 2021. Ya juyo da abin ta wajen ɗa. Cora, wadda 'yar Afirka ta Kudu Thuso Mbedu ta fito a matsayinta, ta tashi da ƙullin uwarta Mabel a zuci, don ta gudu ta bar ta tana ƙarama. Kashi tara muna tafe da wannan fushi, mu ma mun yarda uwar ta yi son kai. Sai a kashi na ƙarshe aka koma baya. Mabel ungozoma ce a gonar. Ƙawarta Polly ta haifi ɗa ba rai, kafin hawayenta ya bushe aka kawo mata tagwayen wata a ce ta shayar, tunda nono ba zai zauna a banza ba. Mabel ta yi ta gargaɗi cewa hankalin matar nan ba ya jikinta, ba wanda ya saurara, har abin ya ƙare da jini, aka kuma sa Mabel ta wanke ɗakin. Ta fito tana tafiya kamar mai barci, ta ratsa daji ta shiga fadama. Can ta farga, ta tuna Cora, ta juyo. A juyowar nan maciji ya sare ta, ruwa ya rufe ta. Cora ba za ta taɓa sani ba. Mu masu kallo kaɗai muka sani. Nan ne na ga an nuna wani ɓangaren ɓarnar da ba a cika faɗa ba: bayan raba su, an kuma bar ɗa yana zargin uwarsa da abin da ba ta yi ba.

Haile Gerima, ɗan Habasha, ya taɓo wani ɓangaren a Sankofa na 1993, wanda ya buɗe a gidan kurkukun bayi na Cape Coast a Ghana. Nunu ta haifi Joe sakamakon fyaɗen da Bature ya yi mata a jirgi. Tana sonsa, shi kuwa an rene shi ya tsani launinta da addininta, har ya kashe ta da hannunsa. Gerima bai sami masu rarraba fim ɗin ba, da kansa ya riƙa yawo da shi gari gari yana haya sinima.

Za ki ji ana cewa wannan tabo ana gadonsa har yau. Akwai gaskiya a ciki, amma a yi hattara. Joy DeGruy, a littafinta na 2005, ta kawo misalin uwar da in an yabi ɗanta sai ta kushe shi, ta danganta shi da zamanin da yabon ubangida yake nufin za a sayar da yaro. Ɗabi'a tana bin tarbiyya daga kaka zuwa jika, wannan kowa ya sani. Maganar cewa firgici yana sauka ta cikin ƙwayoyin halitta kuwa masana ba su gama daddale ta ba, kada ki ɗauke ta tabbas. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake juya maganar ta koma zargi, a ce iyalin baƙar fata a lalace yake tun asali, uwa baƙa ba ta iya reno ba. Masanin tarihi Herbert Gutman ya nuna a 1976, daga rajistar gonakin kansu, yadda bayi suka riƙe aure da zumunci, suna sa wa yara sunayen iyaye da kakannin da aka sayar. Bayan 1865 jaridu irin su Christian Recorder sun cika da cigiyar iyaye mata masu neman 'ya'yan da aka raba su shekara ashirin, talatin, suna lissafa sunan ubangida da garin da aka yi ciniki. Kuma abin da ke kashe mata baƙar fata wajen haihuwa a Amurka yau, kusan ninki uku na fararen mata bisa alƙaluman hukumar lafiyarsu, ba tunanin kakanni ba ne kawai, yadda ake karɓarsu a asibiti ne. Aikin gyaran yoyon fitsari ma, ciwon da muka sani sarai a ƙasarmu, a jikin kuyangi J. Marion Sims ya koye shi a Alabama tsakanin 1845 da 1849, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, sau 30 ya yi mata aiki.

Kada kuma ki rufe wannan shafi kina ganin labarin wasu ne can ƙetaren teku. Dokarmu ta Musulunci ta bambanta da ta Virginia a wuri mai muhimmanci: ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne, yana gado, sarakuna da yawa ta nan suka fito, uwar kuma ba a sayar da ita, tana 'yantuwa in ya rasu. Ga hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar ƙiyama. Amma mahara da suke faɗa wa ƙauye da asuba ba hadisi suke dubawa ba, kuma ɗan da bawa da baiwa suka haifa bacucane ne, na gidan ubangida. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. A Nijar sai 2003 aka mayar da ita laifi mai hukunci, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana shekara 12.

Muna ma da namu fim ɗin a kan wannan magana, da Hausa. Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekaru, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka haska a bikin finafinai na Barlin a 2018. Yawancinmu abin da muka riƙe daga makaranta shi ne yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya tashi a Masar ya zama babban malami. Ki sake bin labarin ta wajen uwarsa. 'Yantacciya ce, ba wanda ya kama ta a yaƙi. Da ƙafarta ta fita cigiyar ɗanta har Kano, wani ya yi mata alkawarin zai kai ta inda yake, ta bi shi cikin Sahara, a Murzuk ta gane sayar da ita za a yi. Ɗan ya sami ubangida mai kirki da allo da littattafai, uwar ta sami mari da wahala, don baiwar da hankalinta yake wurin ɗanta ba ta aikin kirki. A Tarabulus Allah ya haɗa su, ta gan shi ya zama mutum, ba ta jima ba ta cika. Ranar da na haska wa ɗalibai wannan bayan sun ga Beloved, wani saurayi daga bayan aji ya ce shi kakarsa ta taɓa gaya masa cewa tata kakar daga kudancin Bauchi aka kawo ta tana yarinya, kuma har ta tsufa ta mutu, in tana daka ita kaɗai, takan yi wata waƙa da yaren da ba wanda ya sani a gidan.